Kyamarar Tsaro A Jibiya: Yadda Ake Zaɓen Suwic Ɗin Da Ba Zai Yi Barci Da Dare Ba

Idan kai ne wanda aka sani da iya waya a gidanku, ka san yadda abin yake. Wayar Baba ta ƙi caji, kai za a kira. WhatsApp ɗin Inna ya ɓace, kai za a nema. To, ranar da maigida ya yanke shawarar sa kyamarori a shago, ko sito, ko gidan mai, kai ɗin dai za a damƙa wa kuɗi a ce ka shiga Katsina ko Kano ka haɗo kaya. In abin ya yi kyau a sa maka albarka. In kuwa aka yi sata aka duba ba a ga komai ba, kai za a kalla.

A nan ne da yawanmu ke yin kuskure. Mukan ƙare hankali a kan kyamara: megafiksel nawa ce, tana gani da dare, tana ɗaukar murya? Amma ɗan akwatin ƙarfen nan da duk kebul ɗin kyamarori ke taruwa a jikinsa, sai a ce wa mai shago ya haɗo duk wanda ya samu, kamar gyaran da ake yi wa mai sayen tumatir. Alhali shi ke ciyar da kyamarorin da wuta, shi ke kai hotonsu ma'ajiya. Sunansa suwic, kuma ranar da ya gaza, kyamarar da aka saya da tsada ta zama adon bango.

A gari irin Jibiya wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gari ne na kan iyaka, a kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Magama da Ɗan Isa, inda dukiyar mutane ke kwana a sito da bayan manyan motoci. An rufe iyakar a watan Agustan 2019, ba a buɗe ɓangaren Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris ɗin 2024. Duk rufewa tana nufin kaya su daɗe a ajiye, a wurin da ke fama da matsalar tsaro, da wutar lantarki marar tabbas, da zafin bazara.

Saboda haka ga ƙa'idar da za mu bi: kada ka zaɓi suwic don hantsin da mai haɗawa zai nuna maka hoto tas a allo. Ka zaɓe shi don ƙarfe biyun dare, a watan Afrilu, an ɗauke wuta, sabis ya ɗauke.

Da farko, kana ma buƙatar suwic?

Ba kowane tsarin kyamara ke buƙatarsa ba. Kyamarorin da ke kasuwa kashi uku ne. Akwai na tsohon tsari, masu zagayayyen kebul irin na dish, da ke shiga kai-tsaye cikin na'urar DVR. Waɗannan ba ruwansu da suwic. Akwai masu amfani da Wi-Fi ko sim. Sai kuma kyamarorin IP, masu kebul irin na kwamfuta, da ke tura bidiyonsu zuwa na'urar ajiya da ake kira NVR. Maganarmu ta yau a kan kashi na uku take.

Ko a cikin kashi na ukun, juya bayan NVR ɗin ka duba. Wani yana zuwa da ramukansa huɗu, takwas ko sha shida masu ba da wuta. In kyamarorinka ba su wuce yawan ramukan ba, kuma duk suna kusa, ba sai ka sayi wani abu ba. Suwic yana shigowa ne idan NVR ɗin rami ɗaya gare shi, ko kyamarori sun fi ramukansa yawa, ko sun taru a wani gini daban.

Akwai kuma dalili na huɗu da ya fi shafar mai sito. Ɓarawon da ya san abin da yake yi yakan bi kebul ya ɗauke na'urar ajiya. In akwai suwic, duk kebul ɗin a wurinsa suke ƙarewa, sannan kebul ɗaya tak ya wuce zuwa NVR ɗin da ka ɓoye a wani ɗaki. Wanda ya tsinke suwic ya kashe kyamarori, amma bai tafi da hoton fuskarsa ba.

Kada ka haɗa suwic da rauta. Suwic kamar ɗan kamasho ne a cikin tasha: ya san kowace mota da layinta, yana tura kowane fasinja inda ya dace. Rauta kuwa ita ce ƙofar kan iyaka, ta nan ake fita zuwa intanet. Tasha tana iya aiki ko da an rufe iyaka. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

PoE: wuta da hoto a kebul ɗaya

Suwic na kwamfuta zalla bayanai kawai yake kaiwa. Wanda kake nema shi ne mai PoE, wato wanda ke tura wutar lantarki ta cikin kebul ɗin da hoto ke bi. Ba sai an ja wa kowace kyamara soket da caja ba. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta tsara ƙa'idojinsa, kuma lambobi uku za ka gani a jikin kwali:

802.3af, na shekarar 2003. Kowane rami yana fitar da wat 15.4, abin da aka lamunce zai isa ga kyamara wat 12.95 ne. Ya ishi kyamarar da ba ta motsi.

802.3at, na 2009, wanda ake rubutawa PoE+. Rami yana fitar da wat 30, kyamara ta samu 25.5. Shi yawancin kyamarori masu juyawa da zuƙo hoto, wato PTZ, ke buƙata.

802.3bt, na 2018, wato PoE++. Yana kai wat 60, wani 90. Sai manyan PTZ masu hango nesa ke nemansa.

Amfanin waɗannan lambobi ba ƙarfin wuta kawai ba ne. Suwic mai bin ƙa'ida ba ya sakin wuta sai ya tambaya. Yakan fara gwada na'urar da aka jona da 'yar wuta kaɗan, in ta nuna tana karɓar PoE, sannan ya saki mai ƙarfin, wajen bolt 48 zuwa sama. Shi ya sa za ka iya jona laftof a ramin ba abin da zai same ta. Amma akwai wasu masu araha da ke sakin wuta ba tambaya, galibi bolt 24, an rubuta musu Passive PoE. Irin wannan ko dai ya kasa tayar da kyamararka, ko ya ƙona abin da aka jona bisa kuskure. In ba ka ga 802.3af ko 802.3at a rubuce ba, ajiye shi.

Lissafin da ya fi komai: jimillar wat

In za ka manta da duk abin da ke cikin wannan rubutu, kada ka manta da wannan sashe. A kwali za ka ga an rubuta kowane rami yana ba da wat 30. Gaskiya ne, amma ba duka a lokaci ɗaya ba. Akwai wata lamba ta biyu, an fi rubuta ta da sunan PoE Budget, ita ce jimillar wutar da suwic ɗin zai iya rabawa. Tukunya ɗaya ce ake zuba wa kowa daga ciki. Rami takwas sau wat 30 ya kama 240, amma suwic mai rami takwas da yawa tukunyarsa ba ta wuce wat 60 zuwa 65 ba.

Mu ɗauki misali. A ce sito ne a Magama, za a sa kyamarori shida marasa motsi da PTZ ɗaya a bakin ƙofar shigar motoci. Ka duba takardar kowace kyamara, ka ga mafi yawan abin da ƙananan ke ja wat 8 ne, PTZ kuma 24. Shida sau takwas 48, a tara da 24 ya zama 72. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda asarar da ake yi a kebul da tsufan na'ura, ka samu wat 90. Ke nan suwic mai wat 120 ya dace, mai 60 bai isa ba.

To me ya sa mai wat 60 ɗin zai yi aiki ranar da aka haɗa? Saboda da rana kyamara ba ta cin wuta sosai, wataƙila rabin abin da aka rubuta mata ko ƙasa da haka. Sai magariba ta yi, fitilun ganin dare su kunna, waɗannan da kake hangowa ja-ja a kewayen idon kyamara, ko farar fitila a masu nuna kala da dare. Nan take buƙata ta ninka, tukunya ta gaza, suwic ya fara yanke wa wasu wuta. Kyamara ta mutu, ta taso, ta kunna fitila, ta sake mutuwa. Da safe fitilu sun kashe kansu, komai ya dawo daidai, mai haɗawa ya zo ya ce shi bai ga matsala ba. In ka taɓa jin an ce kyamara tana ɗaukewa da dare kawai, fara da wannan lissafi kafin ka zargi aljanu ko maigadi.

Ga wata dabara. Suwic da yawa, in wuta ta gaza, ramukan ƙarshe yake fara yankewa, ya bar na farko. Don haka kyamarar da ta fi muhimmanci, ta bakin ƙofa ko ta wurin kuɗi, sa ta a rami na ɗaya.

Ƙirga ramuka da idonka

"Rami takwas" ba ya nufin kyamara takwas. Akwai suwic irin TL-SF1008P na TP-Link da ke da rami takwas amma huɗu kawai ke ba da wuta. Ba ha'inci ba ne, a rubuce yake, sai dai wanda bai karanta ba zai dawo gida da abin da bai ishe shi ba.

Sannan NVR yana buƙatar raminsa, rauta ma haka. Shi ya sa waɗanda aka ƙera don kyamara, irin na Hikvision, Dahua da TP-Link, sukan zo a matsayin 4+2, 8+2 ko 16+2. Lambar farko ramukan kyamara ce, ta biyu ramukan fita ne da aka rubuta wa Uplink. Nemi mai ramin fita biyu: ɗaya na NVR, ɗaya na rauta.

Kuma ka bar sarari. Kusan duk wanda ya sa kyamara, bayan wata biyu zai gano wani lungu da ba a gani. A misalinmu kyamara bakwai a rami takwas ya bar ɗaya kacal. In maigida yana da niyyar faɗaɗa sito, gara a ɗauki mai sha shida tun yanzu.

Gudun layi: ina ake buƙatar gigabit?

Za ka ga iri biyu: mai megabit 100 da mai megabit 1,000, wato gigabit. Kyamara ɗaya ba ta cika hanya. Mai megafiksel 2 takan tura wajen megabit 2 zuwa 4 a daƙiƙa, mai megafiksel 4 wajen 4 zuwa 6, mai 4K ta kai 8 zuwa sama, ya danganta da saitin da aka yi mata da kuma ko tana matse bidiyo da H.264 ko H.265, wanda ya fi rage nauyi. Ke nan ramin kyamara mai megabit 100 ya isa har da saura.

Cunkoson a ramin fita yake, inda kowa ke haɗuwa, kamar motocin da suka taho ta hanyoyi da yawa suka tarar da shinge ɗaya. Kyamara bakwai a megabit 6 sun tara 42, hanya mai 100 za ta ɗauka. Amma sha shida sun tara 96, kuma ba a cika hanya har baki. Sakamakon shi ne bidiyo mai tsalle: mutum yana bakin ƙofa, sai ka gan shi ya riga ya fita, tsakiyar ta ɓace. Daga kyamara takwas zuwa sama, ko in akwai masu 4K, tabbatar ramin fita gigabit ne. Ka duba kuma NVR ɗin da kansa, domin shi ma yana da iyakar megabit ɗin da yake karɓa.

Mita 100, da maganar kebul

Ƙa'idar kebul ɗin kwamfuta mita 100 ce daga suwic zuwa kyamara. Tsawon kebul ake nufi, da duk hawa da sauka da zagayen katanga, ba nisan da ido ke gani ba. A filin ajiye manyan motoci ko babban sito, da wuri ake cinye mita 100.

Suwic da yawa na kyamara suna da maɓallin da aka rubuta wa Extend, mai kai layi har mita 250. Yana aiki, amma da sharaɗi: gudun ramin yana sauka zuwa megabit 10. Kyamara mai tura 4 ko 6 za ta wuce, mai 4K tana iya shaƙewa. Kuma wutar da ke isa ƙarshen dogon kebul tana raguwa, don haka kada ka kai PTZ can.

Kebul ɗin kansa rabin aikin ne. Nemi Cat5e ko Cat6 na jan ƙarfe zalla. Kasuwa cike take da wanda ake kira CCA, alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Alminiyam ba ya kai wuta kamar jan ƙarfe, kusan kashi 60 cikin 100 yake yi, ga saurin karyewa. Sai ka ga suwic lafiyayye, kyamara lafiyayya, amma ta nesa tana mutuwa da dare. Gwajin ba wuya: feƙe silin waya ɗaya, ka kankare shi da reza. In fari ya bayyana a ciki, CCA ne. Kwalin mita 305 na jan ƙarfe kuma ya fi nauyi a hannu sosai. Araha ba ta ado.

In kebul zai bi waje, a sa wanda aka yi don waje ko a zura shi a bututu, domin rana tana cinye bawon na cikin ɗaki, ɓera kuma ba ya raina shi.

Zafi, ƙura da tsawa

Juya kwalin ka nemi zafin da suwic ɗin ke jurewa. Na ofis da yawa daga digiri 0 zuwa 40 aka rubuta musu. A yankin Katsina, watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano ko cikin akwatin ƙarfe da ke rufe. Suwic ɗin da ya yi zafi yakan daskare ko ya riƙa kashe kansa, kuma cajarsa ce ke fara mutuwa. Akwai waɗanda ke jure digiri 50 zuwa sama, akwai kuma na masana'antu da ke kai 75. In a waje ko a saman sito za a ajiye shi, kuɗin da ka ƙara a nan bai tafi a banza ba. In na ofis ka samu, sa shi ƙasa-ƙasa a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a ɗora shi a kan NVR ko inbata.

Ƙurar hunturu kuwa abokiyar gabar fanka ce. Ƙananan suwic masu jikin ƙarfe galibi ba su da fanka, kuma su suka fi dacewa da mu. Manya masu rami 16 ko 24 sukan zo da ita. In irinsu ka saya, sa a ranka za ka riƙa hure masa ƙura, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wannan ne ma abin dubawa ga manyan suwic na hannu da ake kawowa daga ofisoshin Turai: suna da ƙarfi da araha, amma don ɗaki mai na'urar sanyi aka yi su, ga ƙara, ga cin wuta ko ba a jona komai ba.

Da damina kuma sai tsawa. Ba sai ta faɗo a kan ginin ba. In ta sauka kusa, dogon kebul da ke waje yana kwaso ƙarfinta ya kai cikin suwic, wani lokaci har NVR. Nemi wanda aka rubuta yana da kariya, za ka ga 4kV ko 6kV. Amma kariyar ba ta aiki sai an ɗaure ɗan kusoshin da ke bayan suwic ɗin da wayar da aka binne a ƙasa, wadda masu aikin lantarki ke kira atin. Tsakanin gini da gini kuwa, faiba ta fi. Zaren gilashi ne, haske ke bi ta ciki, tsawa ba ta bin sa, kuma yana tafiyar kilomitoci. Don ita ake neman suwic mai ramin SFP. Ka dai tuna faiba ba ta kai wuta, ginin can yana buƙatar nasa suwic da tasa wutar.

In an ɗauke wuta fa?

Babban alherin PoE shi ne duk kyamarori daga wuri ɗaya suke shan wuta. Ka riƙe suwic da NVR da batir, ka riƙe komai. Amma a nan ma lissafi ne.

Koma misalinmu. Kyamarori wat 72, suwic da kansa da NVR da rauta a ce sun ƙara wajen 38, jimilla 110. Dare na awa 12 zai ci 110 sau 12, wato 1,320. Inbata tana cin nata kason, a ce abin ya kai 1,500. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da 2,400, amma irin na ruwa ko na jel ba a son a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, saura 1,200. Ke nan guda ɗaya ba zai kai asuba cikin kwanciyar hankali ba. Ƙaramin UPS na kwamfuta kuwa mintoci yake bayarwa, amfaninsa ya riƙe tsarin kafin a tayar da janareta.

Ga masu sola, akwai suwic da ke karɓar bolt 12 ko 24 kai-tsaye daga batir, ya ɗaga shi da kansa zuwa abin da kyamara ke so. Wannan yana rage asarar inbata. Ko wanne ka zaɓa, ware wa kyamarori layinsu. Kada ya zama batirin da ke riƙe tsaro shi ne ake jona firji da cajin wayoyin unguwa.

Ranar da babu sabis

A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, kuma Jibiya tana ciki. Aka yi watanni babu kira, babu data. Wannan darasi ne ga duk mai shirin sa kyamara. Wadda ta dogara da sim ko ajiyar intanet, in layi ya yanke ba a ganin ta daga nesa, in kuma ba ta da memori a ciki, babu abin da za ta adana. Tsarin kebul da suwic da NVR kuwa bai san an yi ba. Ka tuna tasha da iyaka: an rufe iyaka, amma ɗan kamasho yana ta lodi. Bidiyo yana shiga had-disk, kana iya kallo a allon da ke jikin NVR, ko a wayarka ta Wi-Fi ɗin rauta in kana wurin.

Intanet kallo daga nesa kawai yake ƙara maka, ta manhajoji irin Hik-Connect ko DMSS. A nan ka kula da data. Kallon kyamara ɗaya a cikakken hoto na megabit 4 yana cin gigabayit 1.8 a awa. Ƙaramin hoto na rabin megabit yana cin megabayit 225. Bar manhajar a kan ƙaramin, sai in akwai abin da kake son tantancewa.

Kuma duk ƙofar da ka buɗe don kanka, wani ma yana iya gwada ta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, ciki har da kyamarori da na'urorin ajiya, ba da wata gwaninta ba sai gwada kalmomin sirrin da kamfani ya sa waɗanda masu su ba su canza ba. A watan Oktoban shekarar aka yi amfani da su aka kai hari kan kamfanin Dyn na Amurka, shafuka irin Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Canza kalmar sirrin kowace na'ura, kuma bayan mai haɗawa ya gama, a sake canzawa, asusun manhajar ya kasance da lambar mai wurin.

Mai saiti ko marar saiti?

Za a tambaye ka Managed kake so ko Unmanaged. Na biyun jonawa kawai ake yi ya kama aiki, kuma ya ishi shago, gida ko sito mai kyamarori ƙasa da sha shida. Na farkon ana shiga cikinsa a ga wat ɗin da kowane rami ke ja, a kashe kyamara a kunna daga nesa, a kuma raba layin kyamarori da na sauran jama'a ta hanyar VLAN. Ya dace da otal, makaranta ko gidan mai da ke raba Wi-Fi ga mutane, amma sai da wanda ya iya saita shi.

Ko a marasa saitin, maɓallai biyu suna da amfani. Ɗaya yana lura da kyamarar da ta daskare ya yanke mata wuta ya mayar, ana rubuta masa PoE Watchdog ko Auto Recovery. Ga mai wurin da ke yawan tafiya Maraɗi ko Kano, wannan yana hana kyamara kwana uku a mace ba wanda ya sani. Ɗayan yana hana ramuka ganin juna sai ramin fita, an rubuta masa Isolation ko VLAN. In ka kunna shi, tabbatar NVR a ramin fita yake, in ba haka ba hoto zai ɓace gaba ɗaya ka ɗauka wani abu ya ƙone.

Kafin ka miƙa kuɗi

Ka je kasuwa da takarda a hannu: kyamara nawa, wat nawa kowace, mita nawa mafi nisa. Sannan ka nemi amsar waɗannan a jikin kwali, ba a bakin mai shago ba:

1. An rubuta 802.3af ko 802.3at?
2. Jimillar wat nawa ce, kuma ta wuce lissafina da kashi ɗaya cikin huɗu?
3. Ramuka nawa ne ke ba da wuta, ramin fita nawa ne, gigabit ne?
4. Zafi digiri nawa yake jurewa, yana da fanka?
5. Akwai kariyar tsawa da wurin ɗaura atin?
6. Cajar da ke cikin kwalin tasa ce ta asali, kuma wat ɗinta ya kai abin da aka yi alkawari?
7. Akwai garanti a rubuce a rasit? Daga Jibiya zuwa Kano ba tafiyar da za a yi sau biyu a kan abu ɗaya ba ce.

Wajen kafawa, a karkatar da kyamara ga dukiyarka. Kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, kada kuma ta fuskanci shingen jami'an tsaro.

Abu na ƙarshe, kada a biya mai haɗawa cikon kuɗinsa da rana. Ku dawo bayan sallar isha'i, lokacin da duk fitilun kyamarori suka kunna. A juya PTZ ɗin hagu da dama, a kashe wutar gari a bar batir ya ɗauka, a cire intanet daga rauta. A bar shi haka awa ɗaya, sannan a koma baya a kalli abin da NVR ya adana, kyamara bayan kyamara. In babu wadda ta ɗauke ko ta yi tsalle, ka sayi suwic na gari. Washegari ka kai wa Baba wayarsa, ka nuna masa ƙofar sitonsa da ƙarfe biyun dare.